Askar Ubana a Hannun Baffa

An rushe zauren gidanmu. Ba ruwan damina ne ya kayar da shi ba, jikokin Baffana ne suka sa aka buge shi, aka ɗora bulo, aka kafa ƙofar gilashi, aka jera madubai, wai shagon aski. In na biyo ta wajen da la'asar sai in ji janareto yana gurnani, inji yana kuka a kan wani yaro, mai askin kuwa ido ɗaya a kan ƙeya, ɗaya a kan waya. Samari su riƙa fitowa da kai kamar gonar malalaci, an share gefe an bar tsakiya, kowa yana shafa nasa yana jin daɗi. Nakan wuce abina. Amma daidai inda suka ajiye janareton nan, nan ubana yake shimfiɗa buzunsa, kuma duk ranar da na ga hayaƙi yana tashi daga wurin sai wani tsohon ɓacin rai ya motsa mini, wanda na ɗauka ya mutu tuntuni.

Ubana wanzami ne, haka ma ubansa. Ban riƙe fuskarsa sosai ba, in na ce na riƙe na yi ƙarya. Abin da ya zauna mini shi ne ƙarar aska a kan fatar washi da sassafe, shau, shau, shau, tun awaki ba su fita ba, da ƙamshin sabulun salo a hannunsa in ya shafa mini kai. Yaran yanzu ba su san cewa wanzamin da ba shago gare shi ba, gidaje gare shi. Kowane wanzami a cikin birnin Daura yana da gidajen da ya gada, wani ba ya shiga masa, shi ma ba ya shiga na wani. Shi zai aske jaririn gidan ranar suna, shi zai yi masa kaciya, shi zai gyara masa fuska ranar aurensa, in ya tsufa jiki ya yi nauyi shi zai kafa masa ƙaho. Da kaka kuma a aiko masa da damin gero har gida. Don haka ɗan wanzami abu biyu yake gada, zabira, wato jakar fatar da ake zuba askake da ƙaho a ciki, da kuma ƙofofin da za a buɗe masa in ya yi sallama.

Ban kai kaciya ba ubana ya rasu. Ciwon ciki ne ya kama shi a tsakiyar damina, bai daɗe a kwance ba. Na tuna zauren nan cike da mutane, takalma har bakin hanya, kowa ya shigo sai ya dafa mini kai ya ce, "Allah sarki, ɗa na kowa ne, wannan namu ne." Ranar sadakar uku Baffa, ƙanin ubana, wanda shi ma wanzami ne, ya miƙe ya ciro zabirar daga inda take rataye, ya ɗaga ta sama ya ce, "Jama'a ku shaida. Zabirar nan amana ce a hannuna, da ita da gidajen Yaya. Ran da yaron nan ya isa riƙe aska, ni da kaina zan rataya masa ita a kafaɗa, in kai shi ƙofa ƙofa." Aka yi ta sa masa albarka. Inna tana daga ciki ta ji, kuma ta yarda, don ita mace ce da in an ambaci Allah a magana ba ta ƙara bincike.

Da ta fita takaba Baffa ya aiko mata cewa yana so ya rufa mata asiri, ta koma ɗakinsa a ci gaba da riƙon yara. Ta ce a ba shi haƙuri, ba za ta iya ba. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi ba za ta iya ba. Rani na zuwa sai ga magina suna kwaɓa ƙasa. Aka ja katanga ta raba gidan biyu, zaure da rijiya da bishiyar darbejiya suka faɗa ɓangarensa, mu aka fasa mana 'yar ƙofa ta lungu. Daga ranar gidanmu ya zama mutum uku, ni da Inna da ƙanwata wadda ke bina. Dangin Inna manoma ne can wajen Baure, kawuna yakan leƙo in ya shigo kasuwa, amma maganarsa ɗaya ce kullum, sha'anin gado na 'yan uba ne, shi ba ya sa baki.

To ga wani abu da ya ƙara wa Borno dawaki, ni ne ɗan farinta. A wancan zamani uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta zama su yi hira, in an yi baƙi ma yi take kamar ba ta san shi ba. Ba mugunta ba ce, al'ada ce da aka gina a kan babban gida. Kaka na nan, gwaggo na nan, matan baffanni na nan, su za su goya shi, su shagwaɓa shi, uba kuma ya ja shi zaure. Uwa tana kau da kai ne don ta san idanu da yawa suna kansa. Mu kuwa an kwashe mutanen an bar mu da kunyar. Ina zaune kusa da ita, ƙafata na taɓa tabarmarta, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ke, ce wa yayanki ya zo ya ci tuwo." Ƙanwata ta juyo da bakinta cike da tsokana ta ce, "Yaya, an ce ka zo ka ci tuwo." Ita a goya ta, a yi mata kitso, a kira ta da sunaye iri iri. Ni sau ɗaya na san hannun Inna a goshina, wata rana da zazzaɓi ya kwantar da ni da tsakar rana ta ɗauka barci nake. Ina buɗe ido ta janye hannun ta fita tana faɗa da kaji.

Ba na ce ba ta yi ƙoƙari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma nata ya ɗauka. Fura take yi, tana kuma karɓar surfen mutane, tun assalatu turmi ke kuka a gidanmu har rana ta yi tsaka. Abin da ta iya shi ta koya mini, ba da baki ba, da kallo. Na iya daka, na iya tankaɗe, na iya mulmula fura ta fito sumul, na iya hura wuta da ɗanyen kara. Har gobe in mace tana surfe a maƙwabta daga amon turmin nake gane ta cika ruwa, kuma matata ta sha kora ta tana cewa, "Malam, don Allah fita mini daga madafi." Abin da ban iya ba shi ne na maza. Ban san lokacin da yaro ke durƙusawa a zaure da lokacin da yake tashi ba. Ban san yadda ake shiga maganar manya ba. In za mu ci kaza sai in rungume ta in bi gidaje ina neman mai yankawa. Wata rana a dandali na yi tuntuɓe, bakina ya suɓuce na ce, "Wayyo ni 'yasu!" Yara suka faɗi ƙasa don dariya, sunan ya bi ni har na yi gemu. Daga nan na koyi yin shiru, in shirun ya ƙi kuma in kai duka, don babu wanda ya nuna mini wata hanya a tsakani.

Lokacin kaciyarmu Baffa ne ya yi mana, mu da yawa, aka kwantar da mu a zauren nan muna jinya. Kowane yaro ubansa zai shigo da yamma da kaza a kwano, ya zauna kusa da shi ya ce, "Yauwa namiji, ai na ji ba ka yi kuka ba." Ni ma ban yi kuka ba, amma ba wanda ya zo ya ji. Kazata tana zuwa, ba ta taɓa fashi ba, ƙanwata ce ke miƙo ta daga bakin ƙofa ta ruga. Yanzu in na duba unguwarmu, gidajen da mace ke riƙe da 'ya'ya ita kaɗai sun fi na zamaninmu yawa nesa ba kusa ba, wata mutuwa, wata saki, wata kuma mijin ya tafi neman kuɗi ya manta hanya. Matan yanzu sun fi Inna sauƙi ta wani wajen, suna kiran ɗan fari da sunansa, suna rungume shi a bainar jama'a, har hoto ake ɗauka. Amma ina gane 'ya'yansu daga nesa. Za ka ga yaro ya zo majalisa ya tsaya, bai zauna ba bai wuce ba, yana kallon bakin maza. Su kuma mazan da ke cewa ɗa na kowa ne suna can sun sunkuya a kan waya.

Duk wannan ban ɗauke shi komai ba, saboda ina da abin da nake jira. In yara suka tsokane ni sai in ce a raina, ku yi ta yi, wata rana kawunanku za su shigo hannuna. Na samo wata tsohuwar wuƙa, ina shafa wa duma laka in bari ta bushe, in zauna ina kankarewa a hankali don kada in ji wa duman ciwo. Akwai wata kafa a katangar Baffa, ta nan nake leƙen yadda yake kama kunne ya karkata kai, yadda yake jan fata da babban yatsa. Ina kuma ganin ɗansa, sa'ana, zaune a gabansa, Baffa yana kama masa hannu yana ɗora shi a kan aska. In na zagaya na gaishe shi na ce, "Baffa, ni yaushe zan fara?" sai ya yi dariya ya ce, "Gaggawar me kake, ɗan Yaya? Kayanka na nan, ba inda za su." In na dawo rai a ɓace Inna ta dubi ƙanwata ta ce, "Ce wa yayanki alkawari kaya ne, Baffansa a gaban mutane ya ɗauka."

Gashin baki ya fara tsiro mini lokacin da saƙon ya zo. An yi haihuwa a gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi, babban gida ne cikin gidajen ubana, Alhajin kuma aminin ubana ne. Baffa ya aiko cewa in shirya ranar suna mu tafi tare. Ban tambayi komai ba, me zan tambaya? Inna ta buɗe akwatinta ta ciro rigar ubana, farar da yake zuwa suna da ita, ta ba tela ya rage mata tsawo, ta wanke ta da kanta. Da asubar ranar na tarar da ita a ninke a ƙofar ɗakina. Da na saka na fito, Inna ta ɗago ta dube ni, kallo na sosai, sannan ta yi maza ta mai da kanta ga turmi.

An raɗa suna, an raba goro, an yanka rago, sai ungozoma ta fito da jaririn a nannaɗe aka zauna a soron ciki. Dattawan unguwa na nan, yawancinsu waɗanda suka dafa mini kai ranar rasuwa. Baffa ya sauke zabirar ubana daga kafaɗarsa ya buɗe, ya ciro askar nan mai ƙotar ƙaho wadda na sani tun ina ƙarami, ya goga ta a kan fata. Ya juyo wajena ya miƙo mini 'yar tasar ruwa da sabulu ya ce, "Riƙe nan." Na riƙe. Sai ya miƙa wa ɗansa askar.

Alhaji mai gidan ya gyara zama ya ce, "Af, wanzam, wannan ba shi ne ɗan marigayi ba? Ai na ɗauka yau shi zai aske mana."

Baffa bai ko ɗago ba ya ce, "Alhaji, kan jariri ba duma ba ne. Yaron nan a gindin murhu ya tashi, tarbiyyar mace ce. Hannun da ya saba da taɓarya ba ya riƙe aska."

Wani ya yi dariya, wasu suka taya shi. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina jira wani ya ce, to wa ya hana ka koya masa? Ko wani ya ce, ba kai ka ja katangar ba? Kowa ya san amsar, a gabansu aka yi komai. Alhaji ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ɓare goro ya jefa a ciki. Hannuna ya kama rawa, na matse tasar don ta tsaya, ta ƙi, ruwan sabulu ya tuttule ya jiƙa gaban rigar ubana har ƙasa. Baffa ya nuna ni da haɓa ya ce, "To kun gani da idonku." Haka na tsaya riƙe da sauran ruwan har ɗansa ya gama aske jaririn, aka yi masa barka, aka ba shi rabon wanzami na naman suna. Daga ranar gidan ya zama nasa, sauran gidajen ma suka bi.

Ba zagin ne ya fi ci mini rai ba, na saba da zagi. Abin da ya ƙona ni shi ne don wannan aka kira ni. Da ya so, sai ya ba ɗansa gidajen a ɓoye, ba wanda zai tanka. Amma yana bukatar mutane su ga hannuna yana rawa, don alkawarin da ya ɗauka a gabansu ya warware a gabansu. Shi ya raba ni da zaure, sannan ya kafa hujja da cewa ban tashi a zaure ba. Hausawa suka ce naka shi ke ba da kai, ranar na san ba karin magana ba ce kawai.

Da na shiga gida Inna ta ga rigar a jiƙe, ta ga kafaɗata ba zabira. Na tsaya a tsakar gida ina jira ta tambaye ni, ko ta zage shi, ko ta ce mini sannu. Na ga bakinta yana motsi. Can ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ce masa ya cire rigar a shanya." Sai ta koma ta ɗauki taɓarya ta hau dakan garin da ta riga ta tankaɗe, tana daka hawaye na zuba a turmin. Ba ta da namijin da za ta aika zaure ya yi magana, ita kuma ba ta shiga zaure. Na daɗe ina jin haushinta a kan shirun nan, kuma ba zan ce haushin ya tafi gaba ɗaya ba, ko da yake na san ita ma an ci amanarta fiye da ni.

Ban ƙara kankare duma ba. Na tafi tasha na zama yaron mota, daga baya na zama direba, na ci ƙuruciyata a hanyar Zango da Baure da Babban Mutum, ina ɗaukar gyaɗa da awaki da mutane a haɗe. Na yi aure na haifi 'ya'ya, na ciyar da su na tufatar da su, amma zama da ɗa a yi hira ya gagare ni, ban taɓa ganin yadda ake yi ba. Babban ɗana ya taɓa ce wa uwarsa, "Baba in ya shigo kamar an aiko shi." Inna ta rasu ba ta ga zabirar ba. Ɗan Baffa kuwa bai riƙe sana'ar ba, da inji ya shigo gari gidajen suka fara zamewa, asibiti ta karɓe kaciya, shi ma ya tattara ya tafi kudu ya kama wata harka.

Furfura ta riga ta cika mini kai lokacin da aka aiko cewa Baffa yana nemana. Ɓarin jikinsa ya shanye, ya daɗe a kwance. Na same shi a ɗakin da ke bayan zauren, gashi ya taru masa a ka ya cukurkuɗe, gemu ya rufe baki, mutumin da bai taɓa kwana biyu da gashi ba. Jikokinsa suka ce sun kawo mai inji ya fi a ƙirga, yana korarsa, ya ce shi ba za a sa masa ƙarfe mai kuka a ka ba. Ya nuna mini bango da hannunsa mai lafiya. Zabirar ce a rataye, fatar ta bushe ta tsattsage.

"Sauko da ita," in ji shi. "Amanar ubanka ce. Ka shaida na mayar maka, kada a tambaye ni a can."

Na sauko da ita na buɗe. Askar tana ciki, tsatsa ta ci bakinta. Babu gida ko ɗaya da ya rage a birnin nan da zan yi sallama da ita a buɗe mini.

"Wasa ta ka aske ni," ya ce. "Kaina ya dame ni, ɗan Yaya."

Na juya ta a hannuna. Ga dutsen washi, ga fatar, amma ban san ta wane gefe ake kwantar da ita ba. Wannan ba a ganinsa ta kafar katanga.

"Baffa, ban iya ba."

Ya zuba mini ido. "Haba, kai fa ɗan wanzami ne."

"Ɗan wanzami ne ni, Baffa. Wa ya koya mini?"

Muka zauna, da shi da ya iya ba shi da hannu, da ni mai hannu ban iya ba, askar tana kan tabarma a tsakaninmu. Da la'asar ta yi na ce wa jikokin su kira mai injin. Yaron ya zo ya kunna, abin ya kama kuka, Baffa ya rufe ido hawaye yana gangarowa cikin gemunsa. Wuyansa ba ya tsayawa, yaron ya ce a taimaka a tallafe shi. Ni na riƙe masa kai har aka gama.